Me ya sa waƙa ke fitowa da ƙas-ƙas daga situdiyo?

A ƙananan situdiyo na Kiru ko Tudun Wada, wannan ƙarar kan sa a sake ɗaukar waƙar biki tun daga farko. Sau da yawa ba laifin makirufo ba ne. Kowace na'urar dijital tana da agogon ciki da ke auna sauti sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa. Idan ka haɗa na'urori biyu da kebul ɗin S/PDIF, kowacce na bin agogonta, sai lissafinsu ya saɓa. Mafita: saita ɗaya a kan Internal ta ja gaba, ɗayar ta bi ta kamar 'yar amshi. In waƙar ta bidiyo ce, sa dukkansu a 48,000.