Rubutun memuwar: shafi guda kullum, kamar zubin adashi

Iyayenmu mata na Kasuwar Dole da ƴan'uwa ƴan kasuwa, da yawanku na da ɗa ko ɗiya a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010. Shekara 3 ɗalibi ya samu lisans, ƙarin 2 ya kai mastar. Sai dai mastar ba ta samuwa sai ya rubuta memuwar, wato littafin bincike, ya kare shi gaban malamai. Nan ne wasu ke maƙalewa: an gama darasi, rubutu ya gagara, shekara ta wuce, kuɗin uwa ya bi ruwa.

Maganin abin kuwa kun fi kowa saninsa. Adashi ba ya cika da zubin rana guda. Ɗalibin da ke rubuta shafi 1 kullum, cikin wata 2 yana da shafi 60 a hannu. Mai jiran ranar da zai zauna ya rubuta 20 a tashi ɗaya, shi ke kwana bai rubuta komi ba.

Ya tsaida lokaci guda, kamar na buɗe rumfa. Bayan asuba ya fi, kafin rana ta take, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Ya riƙe littafi irin naku na bashi: duk maganar da ya ɗauko, ya rubuta mai ita, da sunan littafin, da shafin, nan take. In ya tashi, ya bar wa kansa layi guda na inda zai ɗora gobe. Ya adana aikin wuri biyu, kwamfuta da waya, don wuta na ɗaukewa, na'ura na lalacewa. Babi ya ƙare, ya kai wa malaminsa, kar ya jira littafi ya cika.

Shi kansa André Salifou, haifaffen Zinder a 1942, irin wannan aiki ya yi kan tarihin sarautar Damagaram a ƙarni na 19, aka buga shi a 1971. Har gobe masu bincike na komawa gare shi.

Naku taimakon, iyaye, bai tsaya ga kuɗin fotokopi ba. Ku ɗauke wa ɗiya aike da wanke-wanke na awa 2 da safe. Da marece kuma, maimakon "Yaushe za ki gama?", ku ce mata: "Yau shafi nawa kika zuba?"