Dankalin turawa da tumati a garkar gida

Idan damana ta wuce, an yanke hatsi an kai rumbu, aikin gona ya ƙare. Amma ruwa bai ƙare ba. Yana nan cikin rijiya, da tabki, da ƙarƙashin yashin gulbi. Mai garka ya san haka. Shi ya sa tun kaka yake gyaran shingensa, yana yasar rijiya, yana tara taki.

A shekara ta 1984 an yi fari mai tsanani a Nijar. Hatsi bai yi ba, dabbobi da yawa sun mutu. Gwamnatin Saini Kunce ta yi kira ga jama'a su kama noman rani. Garuruwa da yawa sun haƙa rijiyoyi, sun kafa garake. Tun daga nan mutane suka ƙara gane cewa garka rumbu ce ta biyu. Cikin abubuwan da ake shukawa a garka akwai biyu masu amfani ƙwarai: dankalin turawa da tumati.

Daga ina suka zo?

Dukansu biyu baƙi ne a ƙasarmu. Asalinsu Amurka ta Kudu. Mutanen duwatsun Andes, a ƙasashen Peru da Bolibiya na yanzu, sun yi dubban shekaru suna noman dankalin turawa. Mutanen Sifen ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, tare da tumati. Daga Turai suka iso Afirka. Dalilin sunan ke nan: Turawa ne suka kawo shi, ba su ne suka fara nomansa ba.

Yau ana noman dankalin turawa sosai a Bonkuku, ƙasar Filinge, da kuma cikin duwatsun Abzin, wajen Tabelot da Bagazam. Tumati kuwa ana samunsa a Dogarawa cikin jihar Tawa, da Jiratawa kusa da Maraɗi, da garaken Mirya a Damagaram, da bakin kogin Kwara wajen Yamai.

Dankalin turawa da tumati dangi ɗaya ne. Tattasai, da barkono, da gauta, da taba, duka ƴan wannan gida ne. Dankalin Hausa kuwa, duk da sunansa, ba danginsu ba ne. Wannan zumunta tana da muhimmanci ga mai garka, domin cutar da ta kama ɗaya takan kama sauran.

Me ya sa sai da dari?

Waɗannan tsirrai ba su son zafi mai yawa. Dankalin turawa yana yin ƴaƴa ne cikin ƙasa idan dare ya yi sanyi. In ƙasa ta yi zafi, sai ya yi ta ganye, ƴaƴan kuwa kaɗan ne, ƙanana. Shi ma tumati, idan zafi ya wuce digiri 35, furensa yakan kaɗe ya faɗi ba tare da ya ɗaura ɗa ba.

Don haka lokaci ne babban abu. Ana zuba irin tumati a watan Oktoba. Ana shuka dankalin turawa daga Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Wanda ya makara har Fabrairu, bazara za ta riske shi, ya yi asarar iri da ruwa da wahala.

Gyaran wuri

Wurin garka ya kasance kusa da ruwa, inda rana ke samunsa. Ba a yin garka ƙarƙashin babban icce. Abu na farko shi ne shinge, na kara ko na ƙaya, domin akuya ɗaya ta isa ta cinye aikin wata biyu kafin azahar. Shingen kara yana kuma tare iskar hunturu.

Ƙasa mai kyau ita ce mai laushi, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Ana kafce ta da zurfi, kamar santimetir 25 ko 30, a farfasa hoge, a tsince duwatsu da saiwoyin haki. Sa'an nan a zuba taki a cakuɗa. Takin ya zama ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya zafi. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, yana kiran gara, yana kuma ruɓar da dankali.

Daga nan sai a raba wurin fangali-fangali. Faɗin kowane fangali ya kai metir ɗaya ko ya ɗara kaɗan, a bar hanya tsakani, yadda mai aiki zai kai hannu ko'ina ba tare da ya taka shuka ba.

Renon tumati da dashe

Irin tumati ƙanana ne. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya wajen 300. Ba a shuka shi kai tsaye, sai an yi masa reno. Ana gyara ɗan fangali mai laushi, a ja layi-layi da yatsa, zurfin santimetir ɗaya, a zuba iri jefi-jefi, a rufe da ƙasa kaɗan. Sai a shimfiɗa busasshen haki a sama, a yayyafa ruwa safe da marece. Cikin mako guda tsiro yake fitowa. Da ya fito, a ɗauke hakin, in ba haka ba sai ya yi tsawo, siriri, marar ƙarfi.

Bayan mako uku ko huɗu, tsiron ya kai tsawon taƙi, yana da ganye huɗu ko biyar. Lokacin dashe ya yi. Ana jiƙa wurin reno tukuna, don a cire kowane tsiro da ƙasar da ke jikin saiwarsa. Da marece ake dashe, rana ta yi sanyi. Tsakanin gindi da gindi a bar santimetir 50. A nutsa tsiron har kusa da ganyen farko, domin karan tumati yana fitar da sababbin saiwoyi duk inda ya taɓa ƙasa. A danna ƙasa da hannu, a ba shi ruwa nan take.

Idan tumati ya tasa, a kafa masa sanda, a ɗaure shi da tsumma ko kaba, sako-sako. Tumatin da ya kwanta a ƙasa mai laima ƴaƴansa sukan ruɓe.

Shukar dankalin turawa

Dankalin Hausa da yaɗonsa ake dasa shi. Dankalin turawa kuwa, shi kansa dankalin ne iri. In an duba jikinsa za a ga ƴan ramuka. Su ake kira idanu. Daga kowane ido tsiro ke fitowa.

Iri mai kyau shi ne mai girman ƙwan kaza, lafiyayye, wanda ya fara tsiro gajere mai kauri. Yawancin irin da ake shukawa a Nijar daga Turai ake kawo shi, shi ya sa yake da tsada. Dankalin ci na kasuwa ba kullum yake yin iri ba: wani bai huta ba balle ya tsira, wani yana ɗauke da cuta. Idan dankalin babba ne, ana iya raba shi da wuƙa mai tsabta, kowane yanki da ido biyu ko fiye. A barbaɗa toka a wurin yankan, a bar shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu ya bushe.

Ana shuka shi a zurfin santimetir 10, idanu suna duban sama. Tsakanin rami da rami santimetir 30, tsakanin layi da layi santimetir 60. Cikin mako biyu zuwa uku ganye ke ɓullowa.

Idan tsiro ya kai tsawon taƙi, sai a jawo ƙasa da kalme a tara masa a gindi, kamar kunya. Bayan mako biyu ko uku a sake. Wannan aiki ba a wasa da shi, don dalili biyu. Na farko, ƴaƴan dankali suna fitowa ne daga ɓangaren karan da ke binne, saboda haka suna bukatar ƙasa mai laushi a kansu. Na biyu, dankalin da rana ta haska yakan zama kore, ya yi ɗaci. Koren dankali yana da guba, yana sa amai da ciwon ciki, kuma dahuwa ba ta kashe gubar. Ganyensa da ƴan ƙwallayen da yakan yi a sama, masu kama da ɗanyen tumati, su ma ba a cinsu.

Ban ruwa

Ruwa kaɗan-kaɗan kullum ya fi ruwa mai yawa jefi-jefi. A ƙasa mai yashi ana ban ruwa kowace rana, da safe ko da marece. A ƙasar laka ana iya tsallake kwana. Mai garka yakan soka yatsa cikin ƙasa: in ya ji laima, ya dakata, in ya ji bushewa, ya ɗauko guga.

A gindi ake zuba ruwa, ba a kan ganye ba. Idan aka bar tumati da ƙishirwa, sa'an nan aka malala masa ruwa, ƴaƴansa sukan tsage, wasu kuma gindinsu ya yi baƙi. Shimfiɗa busasshen haki kewaye da gindi yana riƙe laima, yana rage yawan jan ruwa.

Abokan gaban garka

Wani lokaci tumati yakan yi yaushi ko da an ba shi ruwa. In an tuge shi sai a ga saiwarsa ta yi ƙulle-ƙulle. Wasu ƙananan tsutsotsi ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin ƙasa. Maganinsu shi ne sauya shuka. Inda aka yi tumati bana, kada a sa tumati, ko dankalin turawa, ko tattasai, ko gauta baɗi. A sa albasa ko masara, a dakata shekara uku kafin a komo.

Akwai kuma farin ƙuda, ɗan mitsitsi, mai ɓoyewa bayan ganye. Shi ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganyen tumati. Tsiron da ya kamu ba ya warkewa, sai a tuge shi a ƙone. Akwai tsutsar da ke huda ƴaƴa, da wata ƙarama mai shiga cikin ganye tana cinsa. Wannan ta biyun ta halaka gonakin tumati masu yawa a arewacin Najeriya a shekara ta 2016.

Mai garka yana duba shukarsa kowace safiya, yana tsince tsutsa da hannu. Yana kuma iya daka ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, rabin kilo cikin litir 10 na ruwa, su kwana a jiƙe, ya tace, ya fesa da marece. Maganin ƙwari na kanti kuwa guba ne. Manya kaɗai ke taɓa shi, bisa shawarar malamin gona. Bayan feshi ba a tsinkar tumati sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Ba a zuba ruwan sha ko mai cikin kwalbar da ta ƙare.

Girbi da ajiya

Wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe, tumati yake fara nuna. Ana tsinkarsa da safe, kowane kwana biyu ko uku, har tsawon wata guda ko fiye. Na miyar gida a bar shi ya yi ja sosai. Na kasuwa a tsinke shi yana fara ja, a jera cikin kwando, kada a danne.

Matsalar tumati ita ce yakan nuna lokaci ɗaya a ko'ina. Kasuwa ta cika, kuɗinsa ya faɗi. Mai dabara ba ya zubar da nasa. Yakan yanka shi biyu, ya shanya bisa tabarma mai tsabta ko rumfa, nesa da ƙura da dabbobi, har ya bushe ƙayau. Wannan ita ce kauɗa. Tana yin watanni cikin buhu, kuma da damana, lokacin da ɗanyen tumati ya yi wuya, ita ke gyara miya.

Dankalin turawa yana ƙosawa cikin wata uku ko da ƴan kwanaki. Alamarsa ganye ya yi rawaya ya kwanta. Sai a tsai da ban ruwa kamar kwana goma, don fatarsa ta yi ƙarfi. In an murza shi da yatsa fatar ba ta saluɓe ba, ya isa haƙa. Ana haƙa daga gefen kunya, a hankali, da sassafe ko da marece. Ba a barinsa a rana, ba a kuma wanke wanda za a ajiye. A ware wanda kalme ya sara a fara cinsa. Sauran a shimfiɗa su a ɗaki mai duhu, mai sanyi, mai shan iska, ana dubawa ana fitar da ruɓaɓɓu, domin ɗaya yakan ɓata goma.

Dankalin turawa yana ƙosarwa, yana ba jiki ƙarfi. Tumati yana da bitamin masu tsare lafiya. Gidan da ke da garka yana cin nasa, ya sayar da saura, hatsin rumbu kuma ya ƙara kwana.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiransa dankalin turawa? Ina ne asalinsa?
2. Don me ba a shuka dankalin turawa da bazara?
3. Waɗanne dalilai biyu ne ke sa a tara ƙasa a gindin dankali?
4. Me ya sa ba a sa tattasai inda aka cire tumati?
5. Yaya ake yin kauɗa, kuma mene ne amfaninta?

Lissafi

Fangali yana da tsawon metir 6. An dasa layi biyu na tumati, kowane gindi ya ci santimetir 50. Gindi nawa ne cikin fangalin? Idan kowane gindi ya ba da kilo 2, kilo nawa za a samu?

Aiki

A kawo dankalin turawa ɗaya cikin aji, a ƙirga idanunsa. A ajiye shi wuri mai haske, ana dubawa kowane mako. A zana abin da aka gani, a rubuta kwanan wata a ƙarƙashi.