Yaye Ne Ko Butulci?

Duk sa'ad da ɗan amshi ya bar ubangidansa ya kafa tasa ƙungiyar, sai ka ji mutanenmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cewa ya yi butulci. Ni a ganina kalmar da ta dace ita ce yaye.

Marigayi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna a Maradun kafin ya tsaya da ƙafarsa. Da ya tabbata a inuwar yayan nasa, da ba mu gaji waƙoƙin da ya yi wa Sardauna ba. A Amurka ma, Gregg Allman ya fitar da faifansa na kansa, Laid Back, a 1973, bai kuwa yanke hulɗa da ƙungiyarsu ta Allman Brothers ba.

Abin tsoro a yau shi ne matashin da bai taɓa yi wa kowa amshi ba, ya shiga situdiyo da fiyano ya fito da sunan mawaƙi. A ina zai koyi kirari da azanci da tarihin sarauta? Makaɗanmu su yaye yaransu da albarka, yara kuma su yi haƙurin zama kafin yayen.