Daga 39 zuwa sifiri: lissafin rayukan da ya kafa Lakwaja

A 1832 Macgregor Laird ya shigo Kogin Kwara da jiragen tururi, tare da Turawa 48. Guda 9 kacal suka koma gida. Wato 39 sun mutu, kashi 81 cikin ɗari, kuma akasarinsu zazzaɓi ne ya kwashe su. Da wannan adadi ya ɗore, da tarihin mahaɗar Kwara da Binuwai ya bi wata hanya dabam, domin babu gwamnati ko kamfanin da zai jure asarar mutum huɗu cikin kowane biyar.

Shekara tara bayan haka, a 1841, Ingila ta sake turo jirage uku: Albert, Wilberforce da Soudan. Manufar ita ce a ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi, a kuma kafa gonar gwaji a mahaɗar kogunan. Likitan tafiyar, McWilliam, ya bar mana ƙidaya mai tsafta. Cikin Turawa 145, zazzaɓi ya kama 130, ya kashe 40. Mutuwar ta sauko zuwa kimanin kashi 28 cikin ɗari, amma kada a ɗauka lafiya aka samu: tara cikin goma sun kwanta, kuma abin da ya rage asarar shi ne gaggawar janye jiragen zuwa teku. A lokacin ana zaton gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kisa, har aka saka wa jiragen na'urar tace iska. Sai a 1897 aka tabbatar sauro ne.

Layi na biyu na ƙidayar McWilliam ya fi jan hankalina. Akwai baƙaƙen fata 158 a jiragen, mafi yawansu an ɗauke su a gaɓar Afirka ta Yamma. Mutum 11 ne zazzaɓin ya taɓa, ba wanda ya kashe. Su ne suka riƙe aiki lokacin da Turawa ke kwance, kuma a hannunsu aka bar gonar. Littattafai na yawan kawo 40, ba sa kawo 158.

Sai maganar ƙasa. An yi cinikin fili mai tsawon mil 16 a bakin kogi, faɗin mil 4, daga wajen Dutsen Patti zuwa kudu, a kan wuri 700,000, kimanin fam 45. A lissafin fataken Hausa keso 35 ke nan, tunda keso ɗaya wuri 20,000 ne. Murabba'in mil 64 a kan fam 45, kowane murabba'in mil bai kai fam ɗaya ba. Da Attah na Igala, wanda ke zaune a Idah can ƙasan kogi, aka yi cinikin. Mutanen da ke noma da su a wurin, irin su Oworo na kan dutse, ba su ne suka sa farashi ba. Gonar kanta ba ta wuce 1842 ba aka tashe ta.

A 1854 jirgin Pleiad ya shigo ƙarƙashin likita William Baikie, da Turawa 12 da 'yan Afirka 54. Baikie ya sa ana shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya zo, ba a jira sai an kwanta ba. Sun yi kwana 118, sun haura Binuwai kimanin mil 250 gaba da inda Turawa suka taɓa kaiwa ta ruwa, sun dawo ba a binne ko mutum ɗaya ba. Gaskiya 12 adadi ne ƙarami, kuma tafiya ɗaya ba ta isa hujja cikakkiya ba. Amma 'yan kasuwar Ingila sun gamsu, domin abin da suke jiran ji ke nan.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Jirgin Baikie na biyu, Dayspring, ya fashe kusa da Jebba a 1857. Baikie bai koma gida ba, ya zo ya zauna a Lakwaja, a mahaɗar kogunan, wajen 1860 bisa kariyar Etsu Masaba na Bidda. Cikin shekara uku fatake kimanin 2,000 suka ziyarci kasuwarsa. Ya je Kano a 1862, ya fassara wasu sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, ya rasu a Saliyo a 1864.

Kamfanin Royal Niger ya samu izinin mulki a 1886. Da gwamnatin Ingila ta karɓe izinin a ƙarshen 1899, ta biya kamfanin fam 865,000, babu kaso ko na anini ga masu ƙasar. Ranar 1 ga Janairu 1900 wakilinta Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, shekara uku bayan haka sojojinsa suka shiga Kano da Sakkwato.