Daga Damina Zuwa Kaka: Abin da Ke Sauyawa a Cikin Gida

A nan Zamfara ba sai mun duba kalanda ba kafin mu san damina tana ban kwana. Wajen ƙarshen Satumba ruwa yakan fara tsallake kwanaki, hadari ya haɗu da yamma da iska da tsawa, sa'an nan ya watse bai zubar da kome ba. Da asuba raɓa ta jiƙa ƙafar wando, da rana zafi ya dawo kamar bazara. Wanda ya biyo hanyar Funtuwa ta Tsafe zuwa Gusau, ko ya wuce Bungudu a kan hanyar Sakkwato, zai ga dammunan gero a gonaki, dawa kuwa tana tsaye tana jiran Nuwamba.

Amfani ba ya shigowa rana ɗaya. Gero ne ke fara fid da mu kunya, yara su ci tumu, sai masara, sai gyaɗa da wake da waken suya, dawa da auduga su zo a ƙarshe. Wata biyu zuwa uku ke nan gida ba hutu: maza suna girbi da ɗaurin dami, mata suna roron wake da sussuka da shiƙa. A daidai wannan lokaci ne kuma makarantu ke komawa sabuwar shekara. Mun san jarabar da ke cikin wannan. Hannun yaro yana da amfani a gona, amma yaron da ya rasa makonnin farko na zango yakan daɗe bai kamo 'yan ajinsu ba. Asabar da yammacin ranakun mako sun isa rabonsa na aiki.

Ruwa ya ɗauke, sauro bai tafi ba. Kududdufai da ciyawa suna nan, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro yake da ƙarfi har cikin Oktoba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi kowane wata a lokacin damina. Na kwana uku ne: ma'aikaci ya ba da na ranar farko, uwa ta cika sauran biyun. Zagaye na ƙarshe yakan faɗo cikin hidimar kaka, kuma shi aka fi mantawa. Kada a naɗe gidan sauro don an ga sama ta washe.

Babbar magana ita ce ta hatsi da kuɗi. Da kaka kowa yana kai kaya kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi. Kuma a lokacin ne bukatu ke taruwa a ƙofa: bashin taki, kuɗin makaranta, auren da aka ɗaga zuwa bayan girbi, ga Kirsimeti tana tafe. Sai maigida ya sayar da buhu da araha a Nuwamba, ya koma ya sayo irinsa da tsada a Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona kuma ya fi nauyi. A ganinmu, maganin wannan yana farawa da zama ɗaya tsakanin miji da mata kafin a kai ko tiya ɗaya kasuwa. Uwargida ce ta san mudu nawa ke shiga tukunya kowace rana. Gidan da ke cin mudu 2 a rana yana bukatar mudu 730 a shekara, ban da iri, ban da baƙi. A ware wannan tukuna. In ya zama dole a sayar, a fara da gyaɗa ko waken suya ko auduga, a bar gero da dawa.

Ajiya ma tana da nata ilimi. Gyaɗa da masara da aka zuba a buhu da sauran danshi sukan yi fumfuna, wadda ke haifar da gubar da ake kira afulatoksin. Tana lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. A shanya a kan tamfol ko tabarma, ba a ƙasa tsura ba, har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori. Wake kuwa, maimakon a zuba masa maganin feshin gona don gudun ƙwari, akwai buhun PICS mai ruɓi uku. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu.

Ba kowane gida ne zai ga wannan kaka yadda muka kwatanta ba. A ƙauyuka da yawa na Tsafe da Bungudu 'yan bindiga sun hana noma, a wasu wuraren sai an biya su kafin a girbe abin da aka shuka. Iyalai da dama sun baro gonakinsu suna zaune a Gusau, a gidajen dangi ko a kangaye. Mutumin da ya saba cika rumbu yanzu yana auna mudu a kasuwa, kuma sau da yawa ba zai buɗe baki ya roƙa ba. Sa'ad da muke lissafin abincin shekara, da abin da za mu kai godiyar kaka, mu sa irin waɗannan maƙwabta a cikin lissafin tun daga farko, a kai musu gida da yamma ba tare da shela ba.