UWA, WAYA BA TA RENON YARO

Ya ke uwa, kin kawo ɗanki awo da rigakafi, kin kyauta. Kafin malamar asibiti ta kira ki, ga wata magana.

Yanzu a gidajenmu na Ringim, yaro na kuka, uwa na kan tuƙin tuwo, sai a miƙa masa waya a kunna masa fim. Nan take ya yi tsit. Mun san aikin gida ya yi miki yawa, ba laifinki muke gani ba. Amma fa ba kowane shiru ne alheri ba.

Yaro daga bakin mutane yake koyon magana. Ya yi gwaranci, ki amsa masa, ya dubi fuskarki, ya sake gwadawa. Waya ba ta amsa masa. Surutunta kawai take yi, ko ya gane ko bai gane ba. Jiki ma haka ne: da rarrafe da tsalle da guje-guje ƙashi da tsoka suke yin ƙwari. Hasken waya da dare kuma yana jinkirta barci.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da wannan shawara:

Yaron da bai cika shekara 2 ba, kada a ba shi kallon waya ko talabijin sam.

Ɗan shekara 2 zuwa 4, kada kallonsa ya wuce awa 1 a yini. In bai kai haka ba, ya fi.

Daga shekara 1 zuwa 4, yaro yana bukatar wasan motsa jiki na awa 3 a yini. Ba a lokaci ɗaya ba, kaɗan-kaɗan.

Jaririn da bai fara rarrafe ba, ki riƙa kwantar da shi rub-da-ciki a tabarma idonsa biyu, kina kusa, har ya tara minti 30 a yini. In barci zai yi, ki mai da shi rigingine. Goyo abu ne mai kyau, amma kada ya wuce awa 1 a jere. Ki sauke shi ya miƙe ƙafa.

Wasa ba sai da kuɗi ba. Ƙoƙo da ludayi, 'yar tsana, motar kara, wasan ɓuya da yayyensa a tsakar gida, duk sun isa. Lokacin bazara a yi shi da safe ko bayan la'asar, a inuwa, ki ba shi ruwa mai tsabta. Ki rufe rijiya, ki nisanta shi da murhu. Da damina ki hana shi kududdufi da bakin kogi, saboda nutsewa da ciwon tsargiya.

Kada a ci abinci ana kallo. Bayan magariba a ajiye waya, ke ko kakarsa ku yi masa tatsuniya. Zai yi rigima kwana biyu, sannan ya saba. Ki gaya wa maigida da yayyen yaron, don sau da yawa wayarsu ce. Ke ma ki rage latsa taki in yana yi miki magana.

In ɗanki ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, kamar "Inna ruwa", kada ki ce nauyin baki ne na gado. Ki kawo shi asibiti tare da katin awonsa a duba shi, har da kunnensa.

Ma'aikatar Lafiya, Jihar Jigawa, Dutse