Bas Kyauta a Landan da Tafiyar Ƙafar da Ta Ƙi Raguwa

A watan Satumba na 2005, magajin garin Landan na lokacin, Ken Livingstone, ya ɗauke wa duk yaron da bai kai shekara 16 ba kuɗin bas. Da shekara ta zagayo aka haɗa da 'yan 16 da 17 masu karatu. Ba a ce sai ɗan talaka ba, ba a kuma ce sai hanyar makaranta ba. Duk inda yaro ya nufa, ko Asabar ce ko lokacin hutu, ya hau jar motar nan mai bene ya zauna, babu mai ce masa kawo.

Iyaye suka yi murna, masu kula da lafiyar jama'a kuwa suka yi jim. A shekarun nan ƙibar yara ta fara damun Birtaniya, ana ta roƙonsu su taka ƙasa su motsa jiki. Lissafin masu shakka mai sauƙi ne. Yaron da jiya yake taka rabin kilomita zuwa kanti don ya adana 'yan kuɗinsa na alawa, yau da banza ta faɗi, me zai sa ya wahalar da ƙafarsa?

Wata tawagar masana ƙarƙashin Judith Green, daga makarantar nazarin lafiyar jama'a da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, ta ɗauki aikin gano gaskiyar lamarin, ta fitar da cikakken rahotonta a 2014. Sun yi sa'a birnin ya daɗe yana bin gidaje yana tambayar mutane inda suka je jiya, da abin da suka hau, da nisan da suka yi. Suka ɗauko bayanan kafin 2005 da na bayanta, suka ware na 'yan shekara 12 zuwa 17.

Abin da suka fara gani ya gaskata masu shakka. Gajerun tafiye-tafiye, waɗanda ba su kai kilomita ɗaya ba, hawan bas a cikinsu ya ninka a wajen yara. Rabon da ƙafa ke samu a irin waɗannan tafiye-tafiye ya ragu. Biri ya yi kama da mutum.

Sai suka haɗa jimillar nisan da yaro ke takawa a yini, suka tarar bai ragu ba. Yara sun bar taka gajerun hanyoyi, amma kilomitocin da ƙafarsu ke ci suna nan yadda suke. To, daga ina cikon ya fito?

Wanda aka fara tuhuma shi ne lissafin kansa. Landan ta waɗannan shekarun tana canzawa ta ko'ina. A 2003 aka sanya harajin shiga tsakiyar gari da mota, a shekarar kuma katin biyan kuɗin sufuri na Oyster ya fito, an ƙara yawan bas-bas a kan hanya. Idan kowa ya canza yadda yake zirga-zirga, ba za a jingina wa kyautar abin da ba ita ta yi ba. Don haka masanan suka ajiye manya 'yan shekara 25 zuwa 59, waɗanda ke biyan kuɗinsu, a matsayin ma'auni. Nan ma aka ga abin mamaki: hawan bas ya ƙaru da fiye da kwata a wajen yara, ya kuma ƙaru kusan haka a wajen manyan da ba a yafe musu ko sisi ba. Abin da ya raba yara da manya shi ne gajerun tafiye-tafiyen nan. Bayan an tace duk wannan, nisan tafiyar ƙafa dai bai motsa ba. Lissafi ya wanke kansa.

Aka juya kan keke. Shi kam ya ji jiki, nisan da yara ke yi a kansa ya ragu, kuma asara ce ta gaske da masu yabon shirin kan tsallake. Sai dai tun farko masu hawan keke a cikin yaran Landan ba su da yawa, ba su isa su cike giɓin ba.

Motar gida ce ta ba da haske na farko. Nisan da yara ke yi a cikinta ya faɗi fiye da yadda na manya ya faɗi. Mota daga ƙofa take ɗauka ta sauke a ƙofa. Bas kuwa sai ka taka zuwa inda take tsayawa, in ka sauka ka sake takawa, in hanya ta rabu ka tsallaka titi ka kama wata. Duk yarinyar da ta bar kujerar bayan motar mahaifiyarta ta koma bas, ta samu tafiyar ƙafa biyu da ba ta da su a da. Wannan ya biya wani ɓangare na bashin.

Saura kuwa alƙaluma ba su da bakin faɗarsa, sai masanan suka yi abin da ya kamata a fara da shi, suka zauna da yaran. Sama da ɗari suka tattauna da su, 'yan shekara 12 zuwa 18, daga tsakiyar gari da gefensa. A nan aka gane cewa tambayar ce tun asali ta zo a karkace. Masu shakka sun ɗauka tafiye-tafiyen yaro ƙidayayyu ne: makaranta, kanti, gidan kaka, shi ke nan, duk wadda bas ta ɗauke ƙafa ta rasa. Ba su yi tunanin yaron da da yake zaune a ɗaki gaban talabijin saboda babu kuɗin mota ba. Yanzu ya fita. Ya je filin ƙwallo a wata unguwa, ya raka aboki, ya zaga kasuwa ba da niyyar sayen komai ba. Kowace fita tana da tata tafiyar ƙafa a farko, a tsakiya, da ƙarshe. Bisa bayanan yaran, abin da aka rasa a gajeriyar hanyar kanti ana iya mayar da shi a hanyoyin da da ba a bin su sam.

Bas ɗin ma kanta ta tashi daga abin hawa kawai. Ta zama musu majalisa, irin wadda samari ke kafawa a bakin layi bayan la'asar, sai dai wannan tana tafiya, tana da rufi, ruwan saman Landan ba ya dukan mai zama a cikinta. A kujerun baya na saman bene ake labari, ake dariya, ake shirya inda za a. Wasu su hau ba don za su ko'ina ba, sai don hirar ba ta ƙare ba. Zaman ma ba na kirki ba ne: a hau bene, a sauko, a canza kujera, a sheƙa da gudu a tari wadda ke shirin tashi.

Akwai wani abu da ya fi burge ni a bayanan yaran, wato yadda kyautar ta rage tsadar kuskure. Yaro mai kuɗin zuwa da dawowa cif-cif ba ya kuskura ya gwada sabuwar hanya, don in ya ɓata ya shiga uku. Mai hawa kyauta kuwa in ya wuce inda zai sauka, ko ya hau lambar da ba ita ba, sai ya tsallaka titi ya hau mai komawa. Da haka suke koyon garinsu, unguwa bayan unguwa. Iyaye ma hankalinsu ya fi kwanciya su bar yaro ya fita, sun san rashin kuɗi ba zai maƙale shi a wani wuri da dare ba.

Kasancewar kyautar ta kowa ce, ba ta mabuƙata kaɗai ba, shi ya ɗaure komai. Matasa a ayari suke tafiya, ayari kuwa da mafi ƙarancin aljihu yake auna hanyarsa. Yaran sun nuna sukan bar jirgin ƙarƙashin ƙasa, duk da ya fi sauri, su bi bas, saboda ita ce babu wanda za a bari a baya. Da an ce sai wanda ya kawo shaidar talauci, da ɗan mai hali ya hau jirgi, ɗan marar hali ya fito da katin da ke tona asirin gidansu. A ganina wannan ne ya fi kowace hujja ƙarfi a kan masu cewa ɓarna ce a ɗauki ɗan mai kuɗi kyauta.

A cikin gida lissafin a fili yake. Uwa mai 'ya'ya uku a sakandare, zuwa da dawowa, kwana biyar, kuɗin mota talatin ke nan a mako kafin a zo maganar Asabar. Wannan ya fita daga wuyanta, tare da rigimar kowace safiya ta neman canji. Ba dole ta bar aiki ta zama direban yara ba, kuma tana iya aiken babban ya kai ƙanensa ko ya duba kaka.

Ba a rasa ƙorafi ba. Manya sun koka da hayaniya da cunkoso a lokacin tashi daga makaranta, direbobi sun koka da rashin kunya. A 2008 hukumar sufurin birnin, TfL, ta wajabta katin Zip mai hoto, da sharaɗin ladabi: wanda ya yi rashin ɗa'a a karɓe katinsa. An zargi shirin da ƙara faɗace-faɗace tsakanin matasa, amma da aka duba bayanan asibitoci sai aka ga hauhawar ta riga shirin farawa. An ce yara za su kori tsofaffi daga bas, binciken bai ga alamar hawansu ya ragu ba, ko da yake da yawansu sukan kauce wa sa'ar da 'yan makaranta ke fitowa. Waɗanda kyautar ta yi wa ƙaramin amfani su ne yara masu naƙasa, domin abin da ke hana su hawa tun farko ba kuɗi ba ne.

A 2020 shirin ya kusa rasa ransa. Annobar korona ta kwashe fasinjoji, asusun TfL ya bushe, a watan Mayu gwamnatin Birtaniya ta Boris Johnson ta ba da tallafin fam biliyan 1.6 da sharuɗɗa, ciki har da dakatar da kyautar 'yan ƙasa da 18. Hujjarta ita ce a rage cunkoso, yara su koma ƙafa da keke. Magajin gari Sadiq Khan ya ƙi, ƙungiyar yaƙi da talaucin yara ta Child Poverty Action Group ta tashi da kamfe. Ƙananan hukumomi kuma suka tuno da dokar Ingila da ta ɗora musu kai yaro makaranta kyauta idan nisanta ya wuce mil biyu ga wanda bai kai shekara 8 ba, ko mil uku ga wanda ya kai. Ke nan sai an bi yara ɗaya bayan ɗaya ana auna hanyar kowa, aikin da katin Zip ya daɗe da hutar da su. Aka ɗaga ranar farawa, sannan a yarjejeniyar watan Nuwamba gwamnati ta janye sharaɗin, bisa cewa Landan ce za ta nemo kuɗin da kanta. A 2021 aka ƙara harajin gidaje a birnin don a biya.